Yadda Na Mayar da Rumfar Inna Kamfani

In ka taɓa ganin wani bidiyo yana yawo a waya, an nuno wani ƙato sanye da kayan zakara a kan benci a Kwanar Dangora yana cin garau-garau hannu baka hannu ƙwarya, to kada ka wahalar da kanka da tambaya. Ni ne. Sunana Ukasha, autan Saude mai abinci. Tunda an riga an gama yi mini dariya daga Bebeji har Doguwa, gara in ba da labarin da bakina ko na samu in rage wani abu, ko da yake da na zauna na duba, ban ga abin ragewa ba.

Rumfar Inna tana bakin tasha, daidai inda hanyar Tudun Wada ta ɓalle daga titin Zariya. Shekara ashirin da shida tana sayar da shinkafa da wake da mai da yaji, da shinkafa da miya ga mai son nama. Ba wani kyan gani gare ta ba, rufin langa-langa ne da benci huɗu da randa. Amma duk motar da ta taso daga Kano, ko Jos za ta ko Zariya, direba na isowa zai taka birki ya ce, "A sauka a ci abinci." Mutum goma sha takwas su duro a lokaci guda. Da rumfar nan aka ciyar da mu, da ita aka aurar da yayyena mata uku.

Ni kuwa na yi wata takwas a Kano a wani katafaren gidan abinci mai gilashi da na'urar sanyi, irin wanda masu shi suna can Legas, ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu. Aikina goge tebur. A gida na ce mataimakin manaja ne ni, kuma ba ƙarya ce tsagwaronta ba, don sau biyu na taimaka masa muka tura motarsa.

Amma fa na buɗe ido na kwashi ilimi. Duk bayan wata uku saƙo zai zo daga Legas: a ƙara kuɗi, a rage cinya, a sake wa kwali launi. Cinyar kazar da na tarar, kafin in bar wurin ta koma ta tattabara, kuma mutane ba su fasa bin layi ba, har hoto suke ɗauka da ita. Manaja yakan ce mini, "Ukasha, mutum da ido yake cin abinci. Ciki rakiya kawai yake yi." Saƙon ƙarshe da na ji ya zo daga Legas cewa ya yi a rage ma'aikata, kuma da ni aka fara. Na dawo gida na ce na ajiye aiki ne in ɗan huta.

Ina cikin hutun nan yayana Abdulmalik ya biya wa Inna kujerar Makka. Ranar da za ta tafi sansanin alhazai ta kira ni, ta kira Gwaggo Salamatu, ƙanwar mahaifinmu, wadda ke riƙe da girkin rumfar tun ban yi wayo ba.

Inna ta ce, "Auta, ga rumfa nan. Salamatu ta san tukunya, kai ka tsaya a kan ciniki. Abu ɗaya na roƙe ka, direbobina. Ran da suka daina tsayawa, rumfa ta mutu. Ka riƙe mini su har in dawo."

Na ce, "Inna, je ki yi ibadarki hankali kwance. Kafin ki dawo ba za ki gane wurin nan ba."

Gwaggo ta ce, "Abin da nake tsoro ke nan."

Kwana uku da tashin jirginsu na kafa allo a kan rufi, ja da ruwan ɗorawa, an rubuta UKASHA FAS FUD da manyan baƙaƙe. Na sayo jar hula mai baki guda biyu, na sa ɗaya, na miƙa wa Gwaggo ɗaya. Ta jujjuya ta, ta ce za ta yi kyau wajen sauke tukunya in ta yi zafi, kuma aikin da hular ta yi ke nan har ta ƙone.

Daga nan na shiga ainihin aiki. Na kwashe manyan farantan Inna na tura ƙarƙashin gadonta, na kawo ƙanana, don loma biyar a ƙaramin faranti tsiri take yi. Na sallami matar da ke kawo mana man gyaɗa daga Kiru, na sayo wani mai a jarka wanda ko mai sayar da shi bai san da me aka yi shi ba. Wake na ce a rage rabi. Nama kuwa da kaina nake yankawa, da sabuwar reza. Sannan na ƙara naira ɗari uku a kowane faranti, na ɗora laifin a kan tsadar mai da tsadar dala, yadda na ga ana yi.

Nazifi mai faci, maƙwabcinmu kuma sa'ana, shi ya fara dandana sabon tsari. Ya ɗaga yankan naman sama ya kanne ido ɗaya.

"Me kake dubawa?" na tambaye shi.

"Tankar mai ce ke tahowa daga Zariya. Ta cikin namanka nake hango ta."

"Yankan zamani ke nan. Likitoci sun hana cin nama da yawa."

Ya sa cokali ya tona shinkafar a hankali kamar mai neman allura. "Wake tara. Jiya sha ɗaya na samu. Biyun sun bi Hajiya Makka ne?"

Na ce masa matsalar mutanen ƙauye ke nan, ba su san tsari ba. Ya tuna mini cewa unguwarmu ɗaya, kuma ungozoma ɗaya ce ta yanke mana cibi.

Sai na soke gyara. A rumfar Inna ko na ɗari biyu ka saya, in aka zuba maka sai ka tsaya da farantinka, a ƙara maka rabin ludayi, sannan ciniki ya faɗa. Ni kuwa a Kano ban taɓa ganin wanda ya tsaya da kwali yana jiran a ƙara masa fiffike ba. Ran nan wata tsohuwa 'yar Kiru da za ta Saminaka ta karɓi abincinta ta ƙi motsawa.

Na ce, "Iya, lafiya?"

"Gyara nake jira."

"Kamfani ba ya gyara, Iya."

Ta dube ni, ta dubi Gwaggo. "Wane ne kuma Kamfani? Saude ta sake aure ne?"

Gwaggo ta ce, "A'a, ɗa ta haifa." Ta faki idona ta jefa wa tsohuwar ludayi guda, na yi kamar ban gani ba don kada a ce manaja yana faɗa da gwaggonsa a gaban jama'a.

Duk wannan da a nan na tsaya, da da sauƙi. Fasinja yau ne kawai, gobe wani ne, in ya yi tsaki ya hau mota shi ke nan. Abin da ya tsone mini ido shi ne farantin direba. Direban da ya sauke fasinja a rumfa ba ya biya. Za a cika masa faranti, tsoka biyu, a ba shi ruwan randa mai sanyi, ya ci ya wanke hannu ya tashi. Ba a rubuta ba, ba wanda ya taɓa faɗa da baki, haka kowa ya taso ya gani. Ni kuma na zauna na ga ƙarti wajen ashirin suna cin bulus kullum, har zuciyata ta riƙa tafasa.

Na ce, "Gwaggo, daga gobe direba zai biya."

Ta ajiye muciya. "Ukasha, ka taɓa wake na yi shiru, ka taɓa mai na yi shiru. Kada ka taɓa farantin direba."

"A Kano ko manaja biya yake yi."

"A Kano manajan ne ke kawo muku mota cike da mutane?"

"Wannan tsohon yayi ne. Ina za su je? Duk kwanar nan akwai wata rumfa kamar tamu?"

"Shekarata nawa a nan, ban taɓa jin an yi wa direba tambayar ina za shi ba. Shi ke riƙe da sitiyari."

Kamar da gangan, wanda ya fara faɗowa washegari shi ne Baba Dikko. Duk hanyar Jos babu direban da ya kai shi daɗewa, gemunsa fari fat, kuma shi ne mutumin farko da ya taɓa tsayar da mota a gaban Inna. In ya yi magana a tasha, an gama. Ya gaisa da Gwaggo, ya tambayi labarin alhazai, ya karɓi ƙaramin faranti ya dube shi. Ya ci, ya wanke hannu, ya ɓare goro, ya miƙe.

Na gyara hula na ce, "Baba Dikko, dubu biyu ne."

Ludayi ya suɓuce daga hannun Gwaggo. Baba Dikko ya waiwaya bayansa ya ga ko da wani nake.

"Da ni kake, ɗan Saude?"

"Sabon tsari ne, Baba. Kowa da kowa."

"Madalla da sabon tsari." Ya sa hannu a aljihu ya biya. Har ya juya sai ya dawo. "Ruwan da na wanke hannu fa?"

"Wannan kyauta ne, Baba."

"A'a, kada ka cuci kamfani." Ya ɗora naira ɗari a kan tebur.

Allah na gani, na ɗauka. Har na ce masa a sauka lafiya, sai mun sake ganinsa.

Mun kuwa gan shi. Washegari da hantsi motarsa ta taho, ta rage gudu daidai rumfarmu, har na miƙe ina gyara benci, sai ta karkata ta tsallaka titi ta tsaya a gaban Zahra'u. Zahra'u matar wani mai gyaran babur ce, awara take soyawa a ƙarƙashin darbejiya, da 'yar shinkafar da take dafa wa 'yan acaɓa. Ina ji Baba Dikko ya ce, "A sauka a ci abinci," mutum goma sha takwas suka yi mata rumfa. Kafin mako ya zagayo, ko motar kaji ba ta tsayawa a ɓangarenmu.

Na ce wa Gwaggo, "Kada ki damu. Kasuwa ce ke tace kwastoma. Ƙananan sun tafi, manyan na tafe."

Ta ce, "A wace motar?"

Shinkafa ta fara kwana. Wani zai zubar, amma ni na yi Kano. Na juye ta jiya a kasko, na zuba man jarka da kori da kurkum har ta yi ruwan ɗorawa, na yanka karas a kai, na raɗa mata suna firai rais. Tunda suna ya canza, kuɗi ma ya canza, na ƙara ɗari biyar. Gwaggo ta ce ita hannunta ba zai taɓa wannan ba, tana da kabari a gabanta. Ta ja kujera gefe ta ɗauki carbi.

Nazifi, da yake kwaɗayi ne ajalinsa, ya ci faranti ɗaya. Kwana biyu ba a buɗe wurin faci ba. A na uku ya fito ya rame, yana tafe yana riƙe da wando.

"Ukasha, shekara goma ina faci. Abin da shinkafarka ta huda mini ba ya facuwa."

"Cikinka ne bai saba da abincin manya ba."

"Kai da ka saba, ci loma ɗaya in gani."

Na ce ina azumin nafila. Gaskiyar magana kuwa, na fi mako rabona da abincin rumfarmu. Shayi da burodi nake sha da safe in ɗaure ciki har dare, don na san abin da ke cikin jarkar nan, ko in ce ban sani ba, wanda ya fi muni.

A ranar Inna ta bugo waya daga Makka. Muryarta a dishe, amma da jin ta tana cikin farin ciki.

"Auta, ya rumfa?"

Na dubi tsallaken titi. "Inna, motoci sun cika kwanar nan, har ba a ganin kwalta."

"Alhamdu lillahi. Dikko na nan lafiya?"

"Kullum ina ganinsa."

Da na kashe wayar Gwaggo ta ce, "Ko ƙarya ɗaya ba ka yi ba, amma ka nemi gafara."

Saura 'yan makonni Inna ta dawo, direba ko ɗaya babu. Wani mai hankali zai tsallaka titi ya durƙusa gaban Baba Dikko. Ni sai na ce talla ce ta yi mana ƙaranci. Na tuna a gidan abincinmu na Kano akwai wani da ake sa wa kayan kaza ya tsaya a ƙofa yana ɗaga wa mutane fiffike, yara na ihu, iyaye na shigowa dole. Ga jajibirin Babbar Salla ya matso, ranar da duk wanda ke Kano zai tafi garinsu, kuma duk ta gabanmu za su bi.

Na je wurin Isma'il tela da buhunan shinkafa uku da tsohuwar katifar soso. Ya ɗauko tef ya tsaya yana kallona.

"Shekara goma sha biyar ina ɗinki, ban taɓa auna tsuntsu ba. Kaza ko zakara?"

"Zakara mana. Wace irin kaza?"

"To, aljihu fa?"

"Ka taɓa ganin zakara da aljihu?"

Gashin kuwa daga wurin masu figar kaji na kwaso shi cikin buhu, muka manna da gam. Ban san ana wankewa a shanya ba. Tukku muka yi da jar safar hannu ta roba, baki da kwalin madara. Da na gwada a shagon, Isma'il ya fita waje ya daɗe bai dawo ba, ya ce iska ya je sha.

Ranar jajibiri na sa Gwaggo ta ɗora manyan tukwane biyu. Ta ce, "Wa zai ci?" Na ce ta jira ta gani. Da rana ta take na shiga kaya na fito bakin titi da lasifika a ƙarƙashin fiffike. Hadari ya haɗu ya ƙi zuba, gari ya yi wani irin turiri, ni kuma ina cikin soso. Kafin minti goma gashin ya fara tashi da wani wari da ban taɓa jin irinsa ba. Ƙudajen mahauta duka suka yi ƙaura suka dawo kaina.

Na yi ta maza, ina tsalle ina kaɗa fiffike ina cewa, "Ukasha Fas Fud, abincin zamani, a tsaya a ɗanɗana."

Sai ga motoci sun fara rage gudu. Na ce a raina, yawwa, ilimi ya yi rana. Kowace taga waya ce a ɗage. Su gama ɗaukata, direba ya karkata ya tsaya gaban Zahra'u. Fasinja su karɓi faranti, su juyo da benci ya fuskanci titi, su zauna suna ci suna kallona. Har waɗanda ba su yi niyyar tsayawa ba suka ce wa direbansu ya tsaya su ga zakara. Wuri ya cika har benci ya yi wa Zahra'u kaɗan. Ta ramin bakin kwalin nan na hango Nazifi da Gwaggo sun kinkimo namu suna tsallakawa da shi.

Na yi ihu daga cikin soso, "Gwaggo, bencinmu ne fa."

Ta ce, "Ai ba mai zama a kai. Ci gaba da rawarka."

A daidai lokacin wata babbar mota ta tsaya tana sauke ragunan layya. A cikinsu akwai wani ƙosasshe mai ƙaho a murɗe, wanda tun da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya kafe ni da ido. Ban ga laifinsa ba, duk rayuwarsa bai taɓa ganin zakara mai tsawon mutum ba. Ya ja da baya, mai shi ya ɗauka tsoro ne ya sassauta igiya. Ni dai na ji an ce, "Zakara, bayanka," kafin in juya na ji kamar an buga mini turmi a ƙugu.

Na tashi da gudu. Kan zakaran ya juye, bakin ya koma ƙeya, na daina gani gaba ɗaya. Ina gudu ina jin kofato a bayana, lasifika a kunne tana watsa salatin da nake yi har cikin tasha. Na yi karo da tayoyin Nazifi, na yi karo da tiren mai mangwaro, rago ya sake samuna a inda ya samu da farko. Ga zafi, ga wari, ga cikin da ba komai sai shayin safe. Abin da na sani na ƙarshe shi ne ƙasa ta taso ta same ni.

Na farfaɗo a kan benci, bencinmu, a ƙarƙashin darbejiyar Zahra'u. An cire mini kan zakara. Nazifi na kwara mini ruwa, Baba Dikko na yi mini fifita da hularsa, mutum ya fi ɗari a kewaye.

Wani ya ce a kai ni asibitin Kiru. Baba Dikko ya ɗaga fatar idona ya duba, ya ce, "Ba asibiti ba ne. Yunwa ce. Zahra'u, zuba masa."

Na so in ce na ƙoshi. Wallahi na buɗe baki da niyyar in faɗa. Sai aka ajiye farantin a gabana, babba, wake da shinkafa kusan kai ɗaya, yaji ja wur, ga ƙamshin man gyaɗa na gaske. Ina shaƙa na gane na matar Kiru ne da na sallama. Ban san lokacin da na tura fiffike baya na sa hannu ba. Ban ɗago ba sai da na ga ƙasan faranti, na suɗe yatsu, na share gefe. Daga nan hannuna, shi kaɗai ba da shawarata ba, ya miƙa wa Zahra'u farantin, bakina kuma ya ce, "Ɗan gyara mana."

Sai wuri ya fashe da dariya. Nazifi ya kwanta a ƙasa yana dukan taya. Wata mata ta ƙware sai da aka bubbuga mata baya. Gwaggo ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Zahra'u ba ta yi dariya ba. Ta cika ludayi ta juye mini, ta ɗora tsoka. Na cinye wannan ma, tunda mutuncin da zan tsare ya riga ya tafi. Da na gama na shiga laluben kuɗi a jikina, ina shafa gashin kaji, sai na tuna abin da na ce wa Isma'il.

Zahra'u ta ce, "Bar shi, Ukasha. Wanda ya kawo fasinja ba ya biya. Yau duk kai ka tara mini su."

Tukwanenmu biyu kuwa sadaka aka yi da su, kuma sai da Gwaggo ta rantse wa mutane cewa ita ta dafa sannan suka karɓa.

Bayan Salla na sauke allo da kaina. Na fito da manyan faranti, na je Kiru na ba matar mai haƙuri, na mayar da wake, na mayar da farashi, na jefar da reza. Duk wanda ya sayi abinci sai in yi masa gyara tun bai tsaya ba. Amma 'yan acaɓa ne kawai da masu wucewa a ƙafa. Motoci suna nan a tsallake. Na roƙi Gwaggo ta tari Inna da maganar in ta dawo, ta ce ita ba a bar mata ciniki ba, tukunya aka bar mata.

Inna ta sauka ranar wata Laraba. Gida ya cika da 'yan barka, ban samu fuskar magana ba, ko in ce ban nema ba. Kwana biyu tana karɓar baƙi, a na uku ta ce rumfa za ta. Ta sa farin mayafi, ta riƙo wata jaka da kanta, ta hana kowa ɗauka. Da muka isa ta zauna a bakin rumfa ta buɗe. Ƙulli-ƙulli ne a leda, kowanne da hula da carbi da dabino da 'yar kwalbar zamzam, kuma kowanne an manna masa takarda da sunan direba. Ita da ba ta karatun boko, wata 'yar ɗakinsu ta sa ta rubuta mata tun a Madina.

Motar farko ta zo ta tsallaka. Inna ta bi ta da kallo. Ta biyu ma haka. Ta uku ta Baba Dikko ce. Ya fito ya hango farin mayafi, ya tsaya cak, sai ya sunkuyar da kai ya shige ƙarƙashin darbejiya ya ba titi baya. Kunyarta yake ji, dukansu kunyarta suke ji. Haka ta zauna da jaka a cinya har aka kira Azahar, ni kuwa ina ta goge farantin da ba wanda ya ci a ciki.

Bayan ta idar da salla ta ce, "Salamatu, me ya faru?"

Gwaggo ta nuna ni da baki.

Na durƙusa na faɗi komai, tun daga reza har rago. Ban rage ko naira ɗarin ruwan wanke hannu ba. Ta saurara har na gama, sannan ta zuge jakar ta miƙo mini.

"Kai musu. Da sunansu na saya."

Titin nan bai fi taku ashirin ba, amma ban taɓa yin tafiya mai nisansa ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina karanta suna ina miƙawa, suna karɓa da hannu biyu, ba mai kallon idona. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Na zo kan Baba Dikko na tsuguna.

"Baba, ni na yi laifi, ba Inna ba. Ku yafe mini."

Ya warware ledarsa, ya ɗaga carbin ya daɗe yana kallo. "Mun yafe, ɗan Saude. Ka ce wa Hajiya da yamma za mu zo gida mu yi mata barka da sauka, dukanmu."

"Rumfa fa, Baba?"

Ya dubi Zahra'u, tana can tana juya tukunya da goyo a bayanta. "Yarinyar nan awakinta ta sayar ta sayi tukwanen nan, saboda mun ce mata za mu riƙa tsayawa. Ta ɗauki mata biyu aiki. In muka juya mata baya yau, me ya raba mu da kai?"

Na tsallako da jaka ba komai a ciki, na faɗa wa Inna yadda muka yi, kalma da kalma. Na jira zagi, na jira ko mari ne, na ƙagu ma a yi. Ita kuwa ta gyaɗa kai kawai.

"Dikko ya yi gaskiya," ta ce. Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, sai gajiya. "Ka san, Auta, duk ɗawafin da na yi sai na roƙa maka Allah ya ƙara maka basirar kasuwanci. Ashe hankali ya kamata in roƙa."

Ta ninke jakar ta sa a ƙarƙashin cinya, ta juya wajen murhu.

"Salamatu, gobe mudu biyu za a ɗora. Ya isa."